Hoton Tafkin Ɗinya

Litinin, 11 ga Mayu 1992, bayan la'asar

Yaya Ilyasu ya zo yau. Tun da na auri ƙanensa bai taɓa wuce zaure ba, amma yau har cikin ɗakina, wai ya zo duba jikin ƴata Jummai. Jummai ta warke tun cikin azumi.

Ya zauna ya sha ruwa, idonsa na kan bango. Hotuna uku ne a bangon, na babana ne, Allah ya jiƙansa. Planto ne, wato masinja, a buron kumandan, ofishin Baturen mulki, a Tasawa, da Turawa za su tafi aka ce a zubar da tarkace, shi kuma ya ɗauko su ya yi musu katako da gilashi. Ba na kyamara ba ne. Zane ne wani Bature ya yi da hannu aka buga a takarda. Ɗaya ganuwar Damagaram, ɗaya wani kogi da jirage, na ukun tafkinmu, Tafkin Ɗinya, da sunansa a ƙasa da Faransanci. Ta hagu shanu ne suna gangarowa shan ruwa. Ta dama rumbuna a kan tudu. A tsakiya mutum ɗaya tsaye da sanda, ba shi da fuska, ɗigon tawada ne kawai. Can nesa kuma wasu mutane a jere da kaya a ka.

Yaya Ilyasu ya ɗora yatsa a kan rumbunan ya ce ga shaida, tun zamanin Nasara hatsi ake nomawa a bakin tafkin nan. Mai sandan kuwa, in ji shi, kakansu ne, tsayuwarsa ce sak. Ya ce in ara masa kwana biyu. Na ce ba nawa ba ne ni kaɗai, gadonmu ne ni da ƙannena. Ya yi dariya ya ce madalla.

Tun da aka gama taron ƙasa aka buɗe jam'iyyu shi ne shugaban tasu jam'iyyar a garin nan, kuma kowa ya ji alkawarin da yake yi: kafin damina za a raba wa manoma bakin tafki. Nan ne kuwa burtalin shanu ya bi.

Mijina, baban Jummai, yana tsaye bakin ƙofa har aka gama. Abin da nake tambayar kaina shi ne, wa ya gaya wa Yaya Ilyasu abin da ke bangon ɗakina?

Laraba, 13 ga Mayu, da hantsi

Jiya bayan mun tashi daga ajin yaƙi da jahilci Asta ta tsaya. Ita ce ta fi kowa a cikin matan da nake koya wa, daga ruga take zuwa da ƙwaryar nononta, ta sayar sannan ta zauna karatu. Ta ce mijinta Jaye yana son ya gaishe ni. Shi ma.

Ya zo da safen nan, ya tsaya a zaure, na fito masa da hoton. Ya daɗe yana kallo. Ya ce shanun nan bunaji ne, irin na gidansu, ƙahon ma ya nuna. Mai sandan kuma makiyayi ne, don manomi ba ya riƙe sanda haka. Na duba, ni dai ban ga yadda ya riƙe ta ba. Bai ce in ba shi ba. Ya ce dai in adana, kada ya fita daga hannuna. Na ce ba inda zai je.

Da ya tafi na tambayi Asta inda suka ji labari. Ta ce a bakin rijiya. Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba.

Alhamis, 14 ga Mayu, da rana

Mata huɗu suka shigo aron turmi yau. Kowacce da turminta a gida.

Asabar, 16 ga Mayu, da yamma

Na kai wa Mushe Yusufu (malaman boko Mushe ake ce musu), darektan lakol, wato shugaban makaranta, don ya karanta mini ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ba komai a ciki sai sunan tafkin da na gidan bugawa. Shekarar ta goge.

Ya ce in lura da yadda sama da fili suka cinye takardar, mutane kuwa kamar tururuwa. Wai Baturen ba don mu ya zana ba, don mutanen ƙasarsu ne, su ga ƙasa mai faɗi wadda ba ta da mai ita. Shanun da rumbunan ado ne, yana iya yiwuwa ma bai gan su rana ɗaya ba, ya haɗa su ne don hoton ya yi kyau. Ya ce wanda duk ya kai wannan gaban hukuma a matsayin shaida, ya kira Nasara ya raba masa gadon ubansa ke nan.

Maganar ta shige ni. Amma a hanyar gida na tuna Mushe Yusufu ɗan wata jam'iyyar ne, kuma ba ya shiri da Yaya Ilyasu tun rikicin rufin lakol. To don gaskiya ya faɗa, ko don ya ɓata masa shiri? Da can in mutum ya yi magana, maganar nake ji. Yanzu sai na fara neman katin jam'iyyar da ke aljihunsa.

Talata, 19 ga Mayu, bayan azahar

Na dawo daga sunan jaririn ƙanwata a Gazawa, kwana biyu na yi. Hoton yana nan a bango, sai dai ya karkace. Na sauke in gyara, na ga ƙusoshin baya da babana ya lanƙwasa an miƙe su an sake lanƙwasawa. Tsatsar ta kankare, ƙarfen yana ƙyalli. Takardar kuma ta yi ɗan layi a tsakiya daga sama har ƙasa, kamar an naɗe ta.

Na tambayi baban Jummai ko wani ya shiga ɗakin. Ya ce shi ina zai sani, wuni yake a rumfar ayarsa. Na tambaye shi ko ya je Maraɗi, don na ga leda irin ta can a madafa. Ya ce ya je sayen buhuna.

Ban ga buhunan ba. Wataƙila suna rumfa.

Laraba, 20 ga Mayu, da safe

Dija ce. Ita, maƙwabciyata, na bar wa makulli don ta riƙa ba kaji ruwa, kuma mijinta yana bin Yaya Ilyasu duk inda ya sa ƙafa. Na leƙa ta katanga na tambaye ta, a hankali. Ta ce wallahi tsakar gida kawai ta shiga. Na ce ai ban ce ta yi wani abu ba. Ta ce to me ya sa na tambaya? Ta miƙo mini makullina ta saman katanga, ko ƙofa ba ta zagayo ba.

Dija ce. Lalle ita ce.

Asabar, 23 ga Mayu, bayan la'asar

Wata ɗalibata ta kawo mini takarda da ta ce ana rabawa a kasuwar Cadawa, ta ce in karanta musu. Fotokofi ce. Hotona ne, ko in ce rabinsa. Ga rumbuna, ga tudu, ga mai sanda a can gefe, ga rabin ruwa. Shanun babu su. Daidai inda layin nan yake a takardata, nan hoton nasu ya ƙare. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ga Tafkin Ɗinya yadda kakanninmu suka bar shi.

Matan suna jira. Asta tana gaba, kamar kullum. Ita ba ta jira in karanta ba, ta haɗa baƙaƙen da kanta, bakinta na motsi. Ni na koya mata. Ta gama, ta ɗaga kai ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta.

Na bi ta har bakin hanya ina ce mata ba da sanina ba ne. Ta ce, "To, Malama." Shi ke nan.

Injin fotokofi babu shi a Cadawa, babu a Agye. Sai Maraɗi. Dija ba ta taɓa zuwa Maraɗi ba a rayuwarta. Amma mijinta yana iya zuwa.

Lahadi, 24 ga Mayu, da hantsi

Na ɗauki hoton na je wajen Goggo Mairo, yayar babana. Idonta ya yi rauni, sai da ta kai shi bakin hanci. Ba ta kula da shanu ba, ba ta kula da mai sanda ba. Mutanen nan na nesa masu kaya a ka take ta bi da farce.

Ta ce waɗannan ƴan aikin tilas ne. Rumbunan kuma ba na kakan kowa ba ne, na kumandan ne, inda ake tilasta wa kowane gida ya zuba gero. Ta ce tana yarinya ta ga an jera su haka, manomi da Bafillace igiya ɗaya, mai gero ya ɗauki gero, mai shanu ya ɗauki tulun man shanu, har bariki. Ta ce kakan su Ilyasu in yana cikin hoton nan to a cikin layin yake, ba shi ne mai sanda ba. Mai sanda dogarin da ke kora su ne.

Na ce ta zo ta faɗa a gaban mutane. Ta ce ita da ba ta da haƙori wa zai saurare ta, kuma wa yake son a nuna masa kakansa da kaya a ka? Kowa mai sanda yake so ya zama.

Na yarda da ita har na kusa gida. Sannan na tuna tun ranar ɗaurin aurena ba ta ƙaunar gidan su baban Jummai. Kuma anya tana ganin abin da ke takardar, ko abin da ke kanta take gani?

Mutum huɗu, hoto huɗu. Ni da na tashi da shi a kan gadona, da can tafki kawai nake gani.

Talata, 26 ga Mayu, da yamma

Asta ba ta zo ba. Ba wadda ta zo daga ruga. Ba nono a gari.

Alhamis, 28 ga Mayu, bayan magariba

An ce an ja ƙaya an toshe burtali daga gindin ɗinyar bakin tafki har tudu, an kafa turaku an raba wurin fegi-fegi. Shanu sun zo da azahar suka tarar da hanya a rufe, aka juya da su.

Baban Jummai ya dawo da ƙarce a hannuwansa duka biyu. Na kawo masa ruwan ɗumi, ban tambaya ba. Shi ya fara magana, yana wanke hannu yana kallon ruwan. Ya ce gonarsa ta jigawa ta gaji, bara ko iri da ƙyar ta mayar. Ya ce mutum in ya samu ɗan wuri a bakin ruwa ya sa rogo da tumatir, ya huta da zullumin damina. Ya ce ai ba wanda ya ce shanu kada su sha, su zagaya ta arewa mana.

Na ce ta arewa laka ce, saniya in ta shiga ba ta fita. Ya ce ni malamar boko ce ko makiyayiya?

Ya daɗe yana son lambu. Tun muna sabon aure yake maganar lambu. Wannan ba laifi ba ne.

Asabar, 30 ga Mayu, da rana

Hayaƙi ta wajen ruga. Mun rufe ƙofa. Baban Jummai ba ya gida.

Lahadi, 31 ga Mayu, da safe

Ya dawo jiya kafin magariba. Lafiyarsa lau. Ya ce yana rumfa, kuma mutum biyu sun ce sun gan shi a rumfa. Na gode Allah. Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba.

An yi jana'iza biyu, ɗaya a gari, ɗaya can ruga. Ba zan rubuta abin da matan suke faɗa ba, kowacce da nata, kuma ba wadda take wurin. Na je gidan likita kai kunu. Ƙanen Jaye yana kwance a tabarmar ƙarshe. Na ajiye kwanon na fito.

Talata, 2 ga Yuni, bayan azahar

Jandarma sun zo daga Agye da mota biyu. Sun tafi da mutane daga gari da ruga, har da mijin Dija. Yaya Ilyasu ba ya nan, an ce ya tafi Maraɗi taron jam'iyya tun ranar Juma'a.

Na shiga wajen Dija. Tana zaune a ƙasa da ƴaƴanta, ba a hura wuta ba. Na hura, na dama musu koko. Ban san yadda zan fara ba, sai na ce mata maganar makullin nan ta yafe mini. Ta ce ba komai. Can ta ce ranar da nake Gazawa ta shigo ba kaji ruwa da sassafe ta ga ƙofar ɗakina a buɗe, ta ji ana buga ƙarfe a ciki. Ba ta leƙa ba, don mai gida ai ba a tambayarsa me yake yi a gidansa.

Na ce wataƙila gado yake gyarawa. Ta ce wataƙila.

Alhamis, 4 ga Yuni, da hantsi

Mai gari ya aiko. Suparefe, shugaban gundumarmu, zai zo ranar Litinin a yi zama a filin lakol, da manoma da arɗo da mutanensa. Jaye ya gaya musu takardar da aka raba rabi ce, cikakkiyar tana wurina. An ce in zo da ita.

Baban Jummai bai fita rumfa ba. Ya zauna bakin gado yana juya hularsa. Ya ce takarda tsohuwa irin wannan, in an ce gara ta ci ta ba wanda zai yi mamaki. Na ce gara ba ta ci ta ba. Ya ce ba zan gane ba, Yaya Ilyasu shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure. Na ce na sani.

Sannan ya ce, "In sun tambaye ki yadda ta fita daga ɗakin nan fa?"

Na ce, "Yaya ta fita?"

Ya ci gaba da juya hularsa. Ni kuma ban sake tambaya ba. Jummai ta shigo tana neman takalminta, muka tashi dukanmu muna taya ta nema.

Na kai hoton gidan Goggo Mairo ya kwana can har Litinin. Ban gaya wa kowa ba. Abin da na zama ke nan, mai ɓoye kaya a gidan mijinta.

Litinin, 8 ga Yuni, bayan la'asar

An yi zaman. Manoma ta gabas, mutanen ruga ta yamma, jandarma a tsakani. Mata muna baya, sai da aka kira ni na fito.

Suparefe ya sa aka kwantar da hoton a kan tebur, ya ɗora takardar jam'iyyar a kan rabinsa. Ta zauna daidai. Ya ɗaga ta, shanu suka fito. Ya sa aka zagaya da shi kowa ya gani. Yaya Ilyasu, wanda ya dawo jiya, ya ce shi yadda aka kawo masa haka ya ba da a buga, bai taɓa sanin akwai sauran ba. A gabana ya faɗa. Yatsansa har yanzu da shaidarsa a gilashin.

Aka sake komawa kan mai sanda, manomi ne ko makiyayi, har murya ta fara tashi. Suparefe ya buga tebur ya ce shi ba zai yanke hukunci da zanen baƙo ba. Tsofaffin gari da na ruga su fita da shi gobe su nuna inda burtali yake tun da, a cire ƙaya, a kafa duwatsu. Wanda ya shuka a ciki ya yi asara. Goggo Mairo tana bayana tana ta gunaguni cewa ba wanda ya tambayi masu kaya a ka. Ba wanda ya tambaya kuwa.

Na ɗauka an gama. Sai shugaban jandarma ya ce saura abu ɗaya. Wannan takarda ita ta zuga mutane, yana son sanin wanda ya cire hoton daga katako ya naɗe shi.

"Madam, a ɗakinki yake. Wa ya ɗauka?"

Baban Jummai yana layi na biyu. Ban dube shi ba. Ƙeyar mutumin da ke gabansa na duba. Na tuna motar da ta tafi da mijin Dija, da yadda na tarar da murhunta.

Na ce, "Na yi tafiya Gazawa. Ban sani ba."

Ya sake tambaya. Na sake faɗa. Ya rubuta. Sun riƙe hoton a buro, wai sai an gama bincike.

Laraba, 10 ga Yuni, da safe

An cire ƙayar jiya. Amma su Jaye tashi za su yi, kudu za su bi da shanun, sun ce ba za su yi damina a inda suka binne mutum ba.

Asta ta zo da sassafe. Ba ta shiga ba, a zaure muka tsaya. Ta kawo allon aji da aka ba ta aro, ta goge shi fes. Ta gode mini da na kawo hoton, ta ce Jaye ma ya gode. Na ce ta riƙe allon, ta ci gaba da karatu a can. Ta ce na aji ne.

Na ce mata Allah ya sani ban so haka ba. Ta ce ta sani, ita ma tana da miji da ƴaƴa, ba ta zo don ta ce in kai uban ƴata kaso ba. Ta gyara zanen goyonta, sannan ta ce:

"Da kin ce ba za ki faɗa ba, Malama, da na gane. Amma cewa kika yi ba ki sani ba."

Na karɓi allon. Ta yi mini sallama yadda ake yi, na amsa yadda ake amsawa. Na tsaya har ta sha kwana.

Juma'a, 12 ga Yuni, da yamma

Sallar layya ta zo ta wuce. Yaya Ilyasu ya aiko mana da cinya. Na ba Dija duka.

Litinin, 15 ga Yuni, da hantsi

An yi ruwa mai yawa jiya, ruwan shuka ne. Baban Jummai ya tashi da asuba ya auna iri, ya ɗauki sungumi. Kwanakin nan yana yi mini magana a hankali kamar mai jinya, ya gyara rufin madafa ba tare da na roƙa ba. Har yau bai faɗa ba, ni ma ban ce ya faɗa ba.

Na tambaye shi wace gona. Ya ce ta jigawa mana, wace kuma yake da ita?

Na raka shi zaure. A bakin rijiya hanya ta rabu, hagu ta gangara tafki, dama ta hau jigawa. Ban koma ciki ba, na tsaya a bayan ƙyaure ina leƙe. Ya kai rijiya, ya gaisa da masu ɗibar ruwa, ya bi dama.

Na ji sanyi a raina. Sai kuma na ga ban motsa ba, ina jira in ga ko zai juyo.